JARIRIN DA AKA BARI A TASHA

Shafi na 27

Masu turo min saƙo tun da sassafe wai na bar Yusra cikin kuka na tafi harkata, na ji, na kuma karɓi laifina. Ku matso kusa.

*

Kwana uku ke nan da dangin Abdulbasit suka aiko a dakata da maganar sa rana, kuma a kwana ukun nan Yusra ba ta sa wa cikinta abin kirki ba. Kawu Maitama, ƙanin mahaifin Abdulbasit, shi aka tura Zariya binciken asali, ya dawo da labarin da ya fi ƙarfin kunne. Wai Umma, mahaifiyar Yusra, ta taɓa yar da jariri a tashar mota tun kafin a haifi Yusrar.

Ba labarin ne ya fi ci mata rai ba. Da ta tambayi Umma, Umma ba ta ce ƙarya ne ba. Ta dai cire tabarau ta goge da bakin hijabi, ta mayar, ta ce a gaya wa Abdulbasit ya zo ranar Asabar ya kai su wurin mahaifiyarsa.

Ranar Asabar suka taso a mota daga Tungan Maje zuwa kasuwar Kado da ke Abuja. Umma na jan carbi. Yusra na gefenta, idonta a kan hannun Abdulbasit da ke riƙe da sitiyari, daidai ɗan tabon da ke gefen ƙaramin yatsansa na dama, inda aka yanke masa cindo yana jariri. Da can tabon nan abin tsokana ne a wurinta, takan ce Allah ya yi masa ƙari wanzami ya yi masa baƙin ciki. Yau kallonsa kawai take, tana tambayar kanta ko wannan ce shigarta motarsa ta ƙarshe.

Shagon Hajiya Lantana, mahaifiyar Abdulbasit, na can ƙarshen layin masu busasshen kifi. Kowa a layin ya san ƙarfe sha ɗaya na Asabar ba a ciniki da ita, ko da kuwa kwali goma za ka saya. Lokacin shirin "Wace Uwa Ce?" ne a rediyo, inda ake tambayoyi a kan iyaye mata na finafinai da littattafai da wasannin talabijin, kuma ita ce gwanar shirin. Agogon da ke bangon shagon a can ta ci shi, haka filas biyun da ke kan kantar shagon. Har sai da gidan rediyon suka roƙe ta ta riƙa haƙura wani makon, ko wasu ma sa samu.

Suna isa mai gabatarwa na tambayar wace uwa ce ta sayar da keken ɗinkinta ta tura 'yarta makarantar unguwar zoma, sannan ta ce wa mijinta ɓarayi ne suka ɗauke. Tun bai rufe baki ba Hajiya Lantana ta ba rediyon amsa, ta ƙara masa da sunan 'yar da launin keken. Sai ta ɗago ta ga baƙi.

Ta miƙa hannu ta kashe rediyon.

Madam Christina mai shagon kusa ta leƙo da sauri.

"Hajiya, rediyon ka ya mutu ne?"

"Baƙi na yi, Madam. Ki duba min shago."

Matar da ko ranar da gobara ta tashi a layin baya da rediyonta a hannu ta fita, yau ita ce ta kashe shi da kanta.

Ɗan ɗakin baya suka shiga, inda ake jibge kwalayen kifi. Kawu Maitama na nan tun safe yana jira, da ɗan littafinsa a aljihun gaba. Aka gaisa gaisuwar da ba ta da ɗumi. Wannan ce haɗuwar iyayen biyu ta farko, kuma Umma ba ta ɗaga kai sosai ba, muryarta ma can ƙasa take amsawa.

Hajiya Lantana ba ta iya kwana-kwana ba.

"Hajiya, ni ba ni da abin faɗa a kan yarinyar nan. Ina son ta, Allah ya sani. Yaron nan ma tun ranar ba ya cin abinci." Ɗan fari ne Abdulbasit, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Amma uwar da za ta ajiye ɗanta a tasha ta juya baya, ban san me zan ce wa jikokina a kanta ba."

Yusra ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan jakarta.

Umma ta ce abu ɗaya ta zo roƙo. A maimaita labarin a gabanta, daga farko har ƙarshe, kada a rage komai. Hajiya Lantana ta ce ita ma kanta ba ta ji shi duka ba, don ana cewa jariri a tasha ta toshe kunne ta bar ɗakin, zuciyarta ba ta ɗauka.

Kawu Maitama ya gyara zama. Mutum ne mai son a san ya yi aiki. Ya buɗe littafinsa, ya lashi yatsa, ya ce wata tsohuwa ya samu a tsohuwar unguwar su Umma, ta rantse masa ba ita kaɗai ta gani ba, duk garin an gani, har an yi wata guda ana zancen.

"Ranar Laraba ce, da hantsi," in ji shi. "Ta shigo tasha da jaririn cikin kwando. Ta waiga dama, ta waiga hagu, ta tura shi ƙarƙashin bencin mai shayi. Ta kwance jan zani ta rufe shi."

Yusra ta ga Hajiya Lantana ta ɗan karkatar da kai, irin yadda take yi wa rediyo.

"Kwandon na kaba ne?"

Kawu ya duba littafi. "Haka ta ce."

"Zanin mai zanen tsuntsaye?"

"Ƙwarai. Wa ya gaya miki?"

"Ta cire ɗan kunnenta guda ta sa a cikin kwandon?"

Kawu ya rufe littafin a hankali. "Yanzu nake shirin zuwa wurin."

"Na hagu ko na dama?"

"Ban tambaya ba."

"Na hagu ne," in ji Hajiya Lantana. Ta miƙe tsaye ba tare da ta san ta miƙe ba. "Ta yi taku bakwai ta tsaya. Wata motar Kano na lodi, kwandasta na kira. Ta juyo ta dubi bencin, ta ce wani abu. Maitama, me ta ce?"

Kawu ya sake buɗe littafin yana laluben shafin.

Daga inda Umma ke zaune wata murya ta fito, wadda Yusra ba ta taɓa ji ba a shekara ashirin da huɗu da ta yi a duniya. Murya mai kauri, mai rawa a ƙarshe.

"Yi barcinka, ɗan nan. In ka farka kada ka neme ni."

Umma ta cire tabarau, ta ɗago fuskarta sosai.

Hajiya Lantana ta dafe kwalin da ke kusa da ita. Ta daɗe tana kallon fuskar, bakinta a buɗe.

"Ladiyo," ta ce a hankali. "Wallahi Ladiyo ce."

Yusra ta dubi Abdulbasit, ya dube ta. Babu wanda ya gane komai a cikinsu. Sunan Umma Zahra'u, wace ce kuma Ladiyo?

Sai Hajiya Lantana ta zauna daɓas a kan buhu ta fashe da dariya. Dariya har da hawaye, har da buga cinya, har Madam Christina ta sake leƙowa ta koma. Da ƙyar ta iya yi musu bayani. Wasan talabijin ne, Kwandon Kaba, da aka riƙa nunawa a Zariya duk daren Juma'a kusan shekara talatin da suka wuce. Ladiyo ita ce uwar da ta bar ɗanta a tasha, a kashi na goma sha ɗaya. Babu macen da ta kalli kashin nan ba ta yi kuka ba.

"Maitama," ta ce tana share ido, "ka sha mai daga Abuja har Zariya, ka kwana biyu, ka ci tuwon mutane, ka dawo mana da wasan kwaikwayo a littafi."

"To ai rantsuwa ta yi min," in ji Kawu, murya ta yi sanyi. "Ta ce da idonta ta gani."

"Da idonta ta gani mana. Ni ma da idona na gani. A talabijin ɗin gidan mai unguwa."

Tsakaninta da ƙanin miji akwai wasa, kuma ranar ta yi amfani da damarta har ƙarshe. Ta ce saura ya koma ya binciko musu ko mai shayin na da aure. Kawu ya tura littafin can ƙasan aljihu, ya ce shi dai an aike shi ne, kuma gobe ko an roƙe shi ba zai sake zuwa bincike ba.

Yusra ba ta yi dariya ba tukuna. Wani abu ne da ya tokare mata ƙirji kwana uku ya sauka gaba ɗaya. Ta kama hannun Umma.

"Umma, babu jariri?"

"Akwai jariri, amma na aro ne. Muna gamawa aka mayar wa masu shi."

"To me ya sa ba ki faɗa min ba? Kwana uku ina..."



Umma ta riƙe hannunta sosai. Ta ce ba ta san ta inda za ta fara ba, don shekara talatin tana binne Ladiyo. Lokacin tana malamar firamare, wani abokin mijinta ya ce muryarta ta dace, ta amsa don sha'awa. Bayan an nuna kashin nan, da ta shiga kasuwa sai mai tumatir ta janye tirenta ta ce ba ta sayarwa. Wata ta tofa mata yawu a gaban ɗalibanta. Iyaye uku suka cire 'ya'yansu daga ajinta. Ko ta ce wasa ne, sai a ce ai mai hali kaɗai ke iya yin sa haka. A ƙarshe marigayi Abban su Yusra ya nemi canjin wurin aiki suka taho Abuja, ta yi alkawari tsakaninta da Allah ko 'ya'yanta ba za su ji ba.

"Da na ji abin da aka kawo, na san ko na rantse ba za a yarda ba," in ji ta. "Amma Yusra ta taɓa ce min ba a kayar da ke a shirin rediyon nan. Na ce to, in akwai mai wanke ni a garin nan, ke ce."

Dariyar Hajiya Lantana ta tsaya. Ta sauko daga kan buhun, ta matso kusa da Umma.

"Hajiya, ki yafe min. Ba na kwana ukun nan kaɗai ba. Ni ma ina cikin masu tsine wa Ladiyo. Ina goyon yaron nan lokacin, ina kallo ina ƙanƙame shi ina cewa Allah ya isa. Da na haɗu da ke a kasuwa a shekarar, ban san me zan yi ba."

"Na yafe tun tuni."

"A'a, ki sake yafewa, ta yau daban ce."

Umma ta yi murmushi, na farko a kwana uku, ta ce ta yafe.

Daga nan ɗakin ya canza. Hajiya Lantana ta aika aka kawo gasasshen kifi da yaji da lemo mai sanyi. Ta tura farantin gaban Yusra ta ce ba mai fita sai ta ga ƙashi. Ta ce wa Kawu tunda ƙafarsa ce ta kawo ɓarnar, ƙafarsa za ta kai gyara, ya je ya sami Alhaji Sadisu, mahaifin Abdulbasit, ya ce masa maganar sa rana na nan a Asabar mai zuwa kamar yadda aka tsara tun farko.

Yusra ta sa hannu a farantin. Loma ɗaya ta yi ta gane yunwar da take ji. Ta ɗago suka haɗa ido da Abdulbasit, wanda ke tsaye a bakin ƙofa tun shigowarsu kamar mai gadi. Ya ɗaga mata hannun nan mai tabo a ɓoye, ta kau da kai tana danne dariya. Daɗi take ji, irin wanda ba ta san akwai shi ba. Umma ba ta yar da kowa ba. Umma tata ce, yadda ta san ta.

Hajiya Lantana kuwa ta samu abin da ya fi agogon bango. Ladiyo da kanta a ɗakin kifinta. Ta shiga jero tambayoyi. Da gaske ne hawayen nan albasa aka yanka? Umma ta ce a'a, na gaske ne. Zanin fa, nata ne? Umma ta ce na matar mai ɗaukar hoto ne, har ta yi fushi da aka shimfiɗa shi a ƙasa. Ɗan kunnen zinare ne? Umma ta ce na roba ne, an fenta. Kowace amsa sai Hajiya Lantana ta tafa hannu ta ce wallahi ta faɗa wa mutane suka ƙi yarda.

Can ta rage murya, ta matso.

"Saura ɗaya. Shekara biyu ke nan ana yin ta a shirin, ba wanda ya ci, har ni. Jaririn na wane ne? Ko fuskarsa ba a nuna ba, sai ƙafa da kuka."

Umma ta yi dariya. Ta ce da 'yar tsana aka shirya yi, mai ba da umarni ya ce ba ta motsi, kowa zai gane. Suna tsaye a tashar an rasa yadda za a yi, sai ga wani direba ya tsaya kallo da jariri a kafaɗa. Ya ce matarsa ce ke zazzaɓi, zai kai yaron gidan mahaifiyarsa a Tudun Wada ya yini. Aka roƙe shi minti goma. Minti goman nan ya koma awa huɗu.

"Direban wace mota?" in ji Hajiya Lantana, har yanzu da fara'a.

"Wata farar Fijo mai zuwa Funtuwa. Dogo ne, mai wushirya. Sai dariya yake yana cewa in matarsa ta ji kashinsa ya bushe."

Kawu Maitama, da ya riga ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya da ɗayan a hannu.

"Shi ya sa ba a nuna shi sosai ba," Umma ta ci gaba, ba ta lura ba. "Uban ya hana a nuna fuska. Hannun kuma sai da muka cusa cikin zani, don ba a daɗe da yanke masa cindo ba, an ɗaure wurin da farin ƙyalle."



Yusra ta bi idon Hajiya Lantana da kallo, har zuwa bakin ƙofa, har zuwa hannun da ke dafe da katakon.

"Hannun dama," in ji Hajiya Lantana. Ba tambaya take ba.

Umma ta juya ta dubi Abdulbasit. Ta mayar da tabaraunta ta sake dubansa.

"Ikon Allah," ta ce.

Kawu ne ya fara dariya, Abdulbasit ya biyo shi yana duban hannunsa kamar yau ya fara ganinsa. Yusra ta rufe baki da tafin hannu. Shekara talatin matar nan na yi wa jaririn tasha kuka, ashe nata ne, yana kwance a cinyarta tana kallonsa a talabijin. Kawu ya ce yau Yaya Sadisu, direban farar Fijon nan, zai yi bayani, kuma shi ba zai tafi ba sai ya gani.

Hajiya Lantana kaɗai ba ta yi dariya ba.

"Na tuna ranar," ta ce a hankali, kamar mai magana da kanta. "Da safe ya fita da shi. Sai bayan la'asar ya dawo min da shi. Nonona ya cika har yana ciwo, ina ta faɗa. Yaro ɗan wata uku, tun safe. Ya dawo yana barci. Na tashe shi, na ba shi, ya kau da kai. A ƙoshe yake."

Kawu ya daina dariya.

Yusra ta janye hannu daga farantin. Ta yi islamiyya, ta san hukuncin yaron da mace ta shayar. Ɗanta ne, kuma yayan duk 'ya'yan da za ta haifa.

"Hajiya, awa huɗu yana hannunki. Kukan da muka ji a talabijin na yunwa ne, ni uwa ce, na san shi. Daga baya ya yi shiru." Hajiya Lantana ta riƙo hannun Umma da hannu biyu. "Lokacin kina da goyo?"

Carbin ya zame daga yatsun Umma ya faɗi a kan siminti.

"Ina goyon Badaruddeen," ta ce. "Yayan Yusra."

Hajiya Lantana ta rufe ido, ta buɗe. Sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar suna.

"Me kika ba Abdulbasit ya yi shiru?"